Yadda Ake Shiga Gasar Sinuka a Fita da Mutunci

A yawancin gasannin sinuka da matasa ke shiryawa a Bauchi, ko a Yelwa da Gwallameji inda ɗalibai suka fi yawa, ko a cikin gari wajen Wunti da Jahun, da wuya a ga alƙalin wasa tsaye a kan kowane teburi. Mutum ɗaya ne yake riƙe da takardar sunaye, shi ne mai karɓar kuɗin rajista, shi ne kuma ake ƙwala wa kira idan gardama ta ɓarke, alhali sau da yawa bai ga bugun da ake gardamar a kansa ba. Saboda haka nauyin gaskiya yana wuyan 'yan wasan biyu da ke riƙe da sanda, kuma duk mai son shiga gasa sai ya koyi ɗaukar wannan nauyi kamar yadda ya koyi saita ƙwallo zuwa rami. Wasan da ake nufi a nan shi ne na ƙwallaye 15 wanda ake kammalawa da baƙar ƙwallo mai lamba 8, tare da ɗan'uwansa na ƙwallo 9 da ake bugawa a manyan gasannin duniya. Su biyun dangin wasan ful ne, ko da yake a gidajen wasanmu suna ɗaya ya haɗe su da sinukar Ingila mai babban teburi.

Abin da za a daidaita kafin a fasa ƙwallaye

Mafi yawan rigimar bakin teburi daga saɓanin doka take tasowa, domin kowane gidan wasa yana da al'adarsa, kuma kowa yana ɗaukar al'adar gidan da ya saba a matsayin dokar duniya. A wani wuri idan mutum ya yi fawul, wato ya karya dokar bugu, abokin karawarsa yana samun bugu biyu, tsarin da aka gada daga yadda ake buga wasan a Birtaniya. A dokokin hukumar wasan ful ta duniya, WPA, wadda aka kafa a 1987, babu bugu biyu: wanda aka yi wa fawul yana ɗaukar farar ƙwallo ya ajiye ta inda ya ga dama a kan teburi. Akwai kuma gidajen da ke cewa idan kana kan baƙar ƙwallo sai farar ta faɗa rami, ka faɗi ke nan ko da baƙar ba ta shiga ba. A dokar WPA wannan fawul ne kawai, ba a faɗuwa sai idan baƙar ta shiga tare da fawul, ko ta shiga kafin ka gama da ƙwallayenka, ko ta shiga ramin da ba shi ka ambata ba, ko ta yi tsalle ta bar teburi. Ko shigar baƙar ƙwallo a bugun fasawa ma an rabu a kanta, wasu na ƙirga ta nasara, wasu faɗuwa, ita kuwa WPA ta bai wa mai fasawa zaɓi, ko a mayar da ita kan ɗigo ya ci gaba da bugu, ko ya sake fasawa.

Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, lokacin da kake biyan kuɗin rajista ne ya kamata ka tambayi mai shirya gasa waɗannan abubuwa, har da ko dole ne a ambaci rami a kowane bugu ko sai a kan baƙar ƙwallo kawai, da zubi nawa (wato wasa daga fasa ƙwallaye zuwa kammalawa) mutum zai ci kafin ya haye zagaye na gaba, da kuma ko wanda ya ci zubi shi ne zai sake fasawa ko karɓa-karɓa za a yi. Ka roƙa a rubuta amsar a manna a bango, ko a tura ta zauren WhatsApp na gasar, sannan a karanta ta a bainar kowa kafin wasan farko. Idan mai shirya gasa ya ce ai kowa ya san doka, to a ganina nan ne ya fi dacewa a nace masa, cikin ladabi: "Malam, don Allah a karanta mana ita kowa ya ji, saboda akwai baƙi a cikinmu." Doka mara daɗi wadda kowa ya amince da ita tun farko ta fi doka mai kyau da aka zaro daga aljihu bayan ƙwallo ta shiga rami.

Akwai wata tambaya da ta shafe mu fiye da yadda ta shafi Turawa, ita ce ta taɓa ƙwallo da tufafi. Ɗan wasan da ya zo da kaftani ko jallabiya mai faɗin hannu, da zarar ya sunkuya ya miƙa jiki a kan teburi, gaban rigarsa ko hannunta na iya shafar ƙwallon da ke zaune. A wasan da ke da alƙali, taɓa kowace ƙwallo da hannu ko riga ko sanda fawul ne. A wasan da babu alƙali, ƙa'idojin WPA sun yarda a tsara cewa taɓa farar ƙwallo kaɗai ne fawul, sauran kuwa idan an motsa su bisa kuskure, kuma hakan bai canza sakamakon bugun ba, abokin karawa ne zai zaɓi ko a mayar da ita wurinta ko a bar ta inda ta tsaya. Kowane tsari aka ɗauka, ka naɗe hannun rigarka, ka cire agogo mai nauyi, kuma idan ka motsa ƙwallo kada ka yi saurin mayar da ita da kanka, domin mayarwar ma taɓawa ce. Ka tsaya ka faɗa, ka bar shi ya yanke.

Idan an kira sunanku, ku yi musabaha, ƙarami ya fara miƙa hannu da gaisuwa kamar yadda aka saba a ko'ina. Wanda zai fara fasawa a fitar da shi ta hanyar jefa kwabo, ko ta hanyar da ƙwararru ke bi, inda kowa zai buga ƙwallo ɗaya zuwa ɗaya ƙarshen teburi ta dawo, wanda tasa ta fi kusa da gefen da aka buga daga gare shi ya yi zaɓi. Jera ƙwallaye a cikin alwatika kuwa amana ce ƙarama da ake yawan ci ba tare da kowa ya lura ba. Idan kai kake jera wa abokin karawarka, ka matse ƙwallayen su manne da juna, baƙar ƙwallo a tsakiya, kusurwoyin baya biyu ɗaya daga kowane rukuni, wato ƙanana (lamba 1 zuwa 7) da manya (lamba 9 zuwa 15). Jeri mai sako-sako yana shanye ƙarfin bugun fasawa, ƙwallaye su ƙi watsewa, kuma wanda ya san haka ya yi da gangan ya cuci ɗan'uwansa tun kafin a fara. Mai fasawa yana da damar ya zo ya duba jerin, ya nemi a sake, kuma bai kamata ka ɗauki hakan a matsayin zargi ba.

Teburanmu ba duka ne suke daidai ba. Wani yana da gangara zuwa kusurwa ɗaya, wani robar gefensa ta mutu, wani kuma ƙurar hunturu ta sa ƙyallensa ya yi nauyi. Ɗan gida ya san duk wannan, baƙon da ya taso daga Azare ko Gombe bai sani ba, don haka adalci shi ne a ba shi 'yan mintuna ya gwada teburin kafin wasa. Haka batun sanda yake: idan sandunan gidan wasa ne ake amfani da su, kuma guda ɗaya ce miƙaƙƙiya mai lafiyayyen kai, wanda ya riga ya ɗauke ta ya riƙa miƙa wa abokin karawarsa idan bugunsa ya zo. Sandar da mutum ya saya da kuɗinsa dabam ce, ba a ɗaukarta sai da izininsa, kuma idan ya ƙi bayarwa bai yi laifi ba.

Faɗin fawul a kan kanka

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma shi ne mafi wuya. Akwai laifuffukan da babu mai iya ganinsu sai mai bugu. Kana saita sanda sai kanta ya ɗan shafi farar ƙwallo ba ta ko gusa sosai ba. Farar tana dab da ƙwallon da kake nufi, sai sandar ta buge ta sau biyu a bugu ɗaya, abin da hannunka zai ji tun kafin kunnen kowa ya ji. Ka miƙe a kan teburi har ƙafafunka biyu suka bar ƙasa, alhali doka ta ce dole ƙafa ɗaya ta kasance a ƙasa lokacin bugu. Ko kuwa ka bugi ƙwallonka daidai, amma babu wadda ta shiga rami, babu kuma wadda ta kai gefen teburi bayan haɗuwar, wanda shi ma fawul ne a dokar WPA, ga shi abokin karawarka yana kallon wani wuri.

Dokar ta ce idan ba a kira fawul ba har aka fara bugu na gaba, ana ɗauka bai faru ba. Wannan ne yake jan wasu su yi sauri su sake sunkuyawa kafin kowa ya yi magana, kuma duk wanda ya daɗe a gidan wasa ya san wannan saurin idan ya gan shi. Abin da za ka yi shi ne ka miƙe tsaye, ka ja da baya daga teburi, ka ce: "Ɗan'uwa, na taɓa farar, fawul ne, zo ka ɗauka." Ba sai ka tsaya dogon bayani ba, kada kuma ka jira ka ga ko ya lura kafin ka faɗa, domin wanda ya faɗi laifinsa bayan ya ga an gano shi ba a ƙirga masa komai. 'Yan sinukar Ingila sun shahara da wannan ɗabi'a, har a gasar duniya da ake yi a Sheffield tun 1977, inda ɗan wasa kan gaya wa alƙali cewa ya shafi ƙwallo ko da alƙalin bai gani ba, duk da maƙudan kuɗin da ke kan wasan.

Wani zai ce ai wannan wauta ce, mutum ya miƙa wa abokin hamayya wuƙar yanka shi. Amsar tana da fuska biyu. Ta farko ita ce wadda kowa ya ji tun yana makarantar allo, cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma ba a ce sai a ma'aunin hatsi kaɗai ba. Ta biyu kuwa lissafi ce. A ƙa'idojin WPA, idan aka yi saɓani a wasan da babu alƙali a kansa, aka bincika ba a sami wata shaida ba sai maganar wanda ke zaune, mai bugu kuma ya musanta, to ana ɗauka babu fawul. Wato dokar kanta a kan gaskiyar mai bugu ta dogara. Masu buga wasan nan da gaske a Bauchi ba su da yawan da za a ce ba a san juna ba, kuma wanda aka sani yana faɗin laifinsa, ranar da ya ce bai yi ba babu mai ja da shi, shi kuwa wanda aka taɓa kamawa sau ɗaya zai daɗe yana wasa da mutane uku tsaye a kansa.

Idan kai ne a zaune, kuma ka ga abokin karawarka zai yi bugu mai wuyar tantancewa, misali ƙwallonsa da taka suna manne da juna har ba za a iya cewa ga wadda farar za ta fara taɓawa ba, ka tsayar da shi kafin ya sunkuya, ka ce a kira alƙali ko wani wanda ku biyu kuka yarda da shi ya tsaya ya gani. Kowannenku yana da wannan dama. Yanzu da wayoyi da yawa ke iya ɗaukar bidiyo a rage masa gudu, ana iya sa wani ya ɗauka daga sama, a duba tare bayan bugun. Abin da bai dace ba shi ne ka yi shiru har ya buga, idan ƙwallo ta shiga ka ce fawul ne, idan ba ta shiga ba ka kama bakinka. Kuma idan ya rikice ya tambaye ka ko shi ne mai ƙanana ko manya, ka gaya masa gaskiya. A wasan ƙwallo 9, inda fawul uku a jere ke sa a faɗi zubi, dole ne ma a gargaɗi mutum cewa yana kan biyu kafin na ukun ya ƙirgu.

Zaman jira ma wasa ne

Idan bugu ya koma hannun abokin karawarka, wurinka kujera ne, kuma haka ƙa'idar gasa ta tanada. Kada ka tsaya a saitin ramin da yake nufi, kada ka ɗauke alli daga gefen teburi lokacin da yake nemansa, kada ka yi ta kaɗa makullin babur ko tafa hannu da hoda, kuma ka kashe ƙarar wayarka. Maganar nan ta "wannan ba za ta shiga ba" da ake yi cikin raha a wasan yamma tsakanin abokai ba ta da wuri a gasa. Dokar WPA ta jera ɗauke hankalin abokin karawa a cikin halayen rashin da'a, tare da motsa ƙwallo ba ta hanyar bugu ba, da yi wa teburi alama da alli don saiti, da gwajin bugu a tsakiyar wasa, da jan lokaci, da ci gaba da bugu bayan an kira fawul. Hukuncin yana farawa daga gargaɗi, ya kai ga rasa zubi ko wasan gaba ɗaya, har korar mutum daga gasa da hana shi kyautarsa.

Magoya bayanka ma alhakinsu a kanka yake. Idan 'yan unguwarku suka zo suna ihu lokacin da abokin karawarka ya sunkuya, kai ne za ka juya ka ce su yi shiru, domin maganarka za su fi ji, kuma idan ka yi kamar ba ka ji su ba kowa ya san ka yarda. Ko a gasar Mosconi, wadda ake yi tsakanin Turai da Amurka tun 1994 kuma ta shahara da hayaniyar 'yan kallo, alƙali yakan nemi a yi tsit idan ɗan wasa zai buga. Haka kuma abokinka ba zai tsaya a bayanka yana raɗa maka ƙwallon da za ka bi a kowane bugu ba. Shawara tana da lokacinta, wato hutun da ake ɗauka tsakanin zubi da zubi, wanda a ƙa'idar WPA minti 5 ne.

Jan lokaci ba ya buƙatar dogon bayani. A gasar Mosconi daƙiƙa 30 ake bai wa ɗan wasa a kowane bugu. Mu ba mu da agogo a kan teburi, amma wanda ya zagaya teburi sau huɗu a kan ƙwallon da ke bakin rami don kawai ya ƙular da mutum, an gane shi.

Ɓoye farar ƙwallo da shigar sa'a

Akwai wani kuskuren fahimta da ya kamata a gyara, domin yana sa a zargi mai gaskiya. Da yawa daga cikin 'yan wasanmu suna ganin idan mutum ya ƙi neman rami, ya lallaɓa farar ƙwallo ya ɓoye ta a bayan ƙwallayensa yadda abokin karawa ba zai ga tasa ba, to mugunta ya yi ko tsoro ya ji. Wannan dabara halas ce, rabin ƙwarewar wasan ma a nan take, muddin ka fara taɓa ƙwallonka kuma wata ƙwallo ta kai gefe. Kada ka ji kunyar yin ta, kada kuma ka yi fushi idan an yi maka. Ƙwararru sukan ɗan bubbuga gefen teburi da hannu idan an ɓoye musu farar da kyau, alamar yabo ke nan, sannan su nemi mafita ta hanyar bugun gefe. Abin da doka ta hana shi ne cusa kan sanda ƙarƙashin farar a kwashe ta sama da gangan don ta tsallake ƙwallo. Tsallen da aka yarda da shi shi ne wanda aka ɗaga gindin sanda aka bugi farar daga sama, shi ma sai mai teburi ya yarda, saboda ƙyalle yana da tsada.

Idan ƙwallo ta shiga da sa'a, ta bugi nan ta bugi can ta faɗa ramin da ba ka yi niyya ba, ka ɗaga hannu kaɗan alamar ka san sa'a ce. A wasan ƙwallo 9 tana ƙirguwa idan ka fara taɓa mafi ƙarancin lamba, amma a wasan da ake ambaton rami ba ta ƙirguwa, bugu ya koma hannun ɗaya, kuma kada ka ce ai can ka nufa. Hanyar kauce wa wannan musu ita ce ka nuna rami da baki ko da sanda a duk bugun da ba a fili yake ba, kamar na gefe ko na tura ƙwallo da ƙwallo, kuma a kan baƙar ƙwallo ka tabbata ya ji ka kafin ka sunkuya. Efren Reyes na ƙasar Filifin, wanda ya ci gasar duniya ta ƙwallo 9 a 1999 da ta ƙwallo 8 a 2004, an san shi da danganta nasararsa ga sa'a ko a bugun da kowa ya ga ƙwarewa ce.

Idan duk da haka gardama ta taso, abu na farko shi ne kowa ya janye hannunsa daga teburi, domin ƙwallayen su ne shaida, kuma wanda ya watsa su cikin fushi shi ya faɗi ko da gaskiya tana wurinsa. A kira mai shirya gasa, mai bugu ya fara bayani, ɗaya ya biyo baya, 'yan kallo su yi shiru sai wanda aka tambaya. A guji rantsuwa, domin sunan Allah ya fi ƙarfin a ja shi a kan ƙwallo, kuma da zarar wani ya ce wallahi, an mayar da saɓanin gani ya zama zargin ƙarya. Idan abin ya gagara tantancewa, sake zubin ya fi sauƙi ga kowa. Hukuncin da alƙali ya yanke a karɓe shi a ci gaba da wasa, ƙorafi kuma a kai shi bayan an tashi.

Abubuwa biyu ne suka fi katse wasa a wurinmu, kiran salla da ɗauke wuta. Duka biyun maganinsu ɗaya: da zarar za a tsaya, a ɗauki hoton teburi da waya a gaban ku biyu, a faɗi wanda bugu ke hannunsa, a bar mutum ɗaya ko a rufe ɗakin. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar zubi, kowa ya tsaya inda yake, a haska fitilar waya a kan teburi har a tayar da janareta. Mai shirya gasa mai hankali yakan tsara jadawalinsa yadda ba za a fara sabon zubi ba idan Magariba ta kusa.

Kuɗi

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa iyaye da yawa a Bauchi ba sa son ganin 'ya'yansu a gidan sinuka, kuma babban dalilinsu caca ce. Ba za a ce ba su da hujja ba. Gasar da ke son a ɗauke ta da daraja sai ta hana ɗora kuɗi a gefe tsakanin 'yan kallo, ta bayyana kyaututtuka tun kafin a fara, ta kuma biya su a ranar, a gaban jama'a. Cacar gefe ita ce take lalata wasa daga ciki, domin da zarar wani ya ɗora kuɗi a kan faɗuwarka, zai iya zuwa ya yi maka tayin rabin abin da zai samu. A 2013 hukumar sinuka ta dakatar da Stephen Lee na Ingila shekara 12 saboda sayar da wasanni, a 2023 kuma ta hukunta 'yan wasan ƙasar Sin su 10, biyu daga cikinsu, Liang Wenbo da Li Hang, aka haramta musu wasa har abada. Zhao Xintong, wanda aka dakatar wata 20 a wannan shari'a, ya dawo ya ci gasar duniya a 2025, amma har a ranar da ya ɗaga kofin sai da aka riƙa tuna masa abin da ya wuce.

A matakinmu sayar da wasa yakan zo ne da fuskar zumunci: an haɗa ka da abokinka ko yayanka, sai a ce ka sakar masa tunda shi ya fi buƙatar kuɗin. Wannan cuta ce ga duk sauran da suka biya rajista. Idan kana son taimakonsa, ka buga iya ƙarfinka, ka ba shi daga abin da ka ci. Idan ku biyun da kuka kai wasan ƙarshe kuka yanke shawarar raba kyautar daidai, ku sanar da mai shirya gasa a fili, sannan ku buga wasan da gaske saboda kofi da kuma mutanen da suka zauna tun yamma suna jira. Ɓoye ƙwarewa don a shiga rukunin sababbin hannu, ko bugawa da sunan wani, duk dangin wannan ne.

Idan wasa ya ƙare

Kada ka miƙa wuya tun abokin karawarka bai gama ba, ko da baƙar ƙwallo tana bakin rami. Tashi da miƙa hannu yayin da mutum ya sunkuya kan bugun ƙarshe dabara ce ta ɗauke hankali, shi ya sa dokar WPA ta ce wanda ya kwance sandarsa mai haɗi lokacin da abokin karawa ke kan teburi a zubin da zai raba gardama, ana ɗauka ya sallama wasan. Ficewa cikin fushi ma ba a ƙyale ta ko ga manya: a 2006 Ronnie O'Sullivan ya bar wasansa da Stephen Hendry a gasar Birtaniya Hendry yana gaba da ci 4 da 1, aka kuwa ci shi tarar kuɗi. Ka zauna har ƙwallo ta faɗa, sannan ka tashi ka je wurinsa, ka ce "Barka, ka buga da kyau, Allah ya ba da sa'a a gaba." Maganar gangarar teburi da lanƙwasar sanda ka ajiye ta, tunda a kan teburi ɗaya kuka buga. Buga sanda da ƙasa ko jifa da alli kuwa ɓarna ce a kan kayan wani, kuma biyansu a wuyanka yake.

Idan kai ka ci, ka fara zuwa wurin wanda ka doke kafin ka juya ga abokanka. Idan ya girme ka, ka ɗan rusuna ka ce "Yaya, a yi haƙuri, yau sa'a ce ta faɗo wajena," kuma kada ka shiga koya masa inda ya yi kuskure sai idan shi ya tambaya. Murna tana da wurinta a waje, nesa da teburan da wasu ke kan bugu. Daga nan ku je tare wurin mai riƙe da takarda, ku faɗi sakamakon da baki ɗaya, ku tsaya ku ga ya rubuta shi daidai, ku tambayi lokacin zagaye na gaba, sannan ku fito da ƙwallayen daga ramuka, ku mayar da sanda da alli inda 'yan wasa na gaba za su same su.